Tsagar da ke Kan Mujiya

Lavrio, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Stamatis,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, a can Melbourne. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya. Mama ta cika casa'in da ɗaya. Idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan yadda ka san shi.

Na ga saƙonka game da sulen azurfar nan mai hoton mujiya, wanda Baba ya tono a gonar zaitun, muke kuma sa shi cikin burodin sabuwar shekara, duk wanda ya same shi a yankansa shi ne mai sa'ar shekarar. Gaskiya ne, bana a yankan da Mama ta fitar da sunanka ya faɗo, kamar yadda take fitar maka shekara goma sha tara ke nan. Ka ce a aiko maka, tunda sa'arka ce.

Aikin jarida ya koya mini bincike kafin aiki, saboda haka na kai shi gidan kayan tarihi. Ka tuna tsagar da ke kan mujiyar, wadda muka yi ta zargin wuƙar Baba, har Mama take kiransa mahaucin burodi? Malamar da ta duba ta yi dariya, ta ce mu nemi gafarar marigayi. Wani ɗan kasuwa ne ya sari sulen shekara dubu biyu da ɗari huɗu da suka wuce, don ya ga ko tagulla aka lulluɓe da azurfa. Ta ce kuɗin tsohon birnin Atina ne na gaske, azurfarsa kuma wataƙila daga ramukan ma'adinan bayan garinmu bayi suka haƙo ta, irin wadda ta gina jiragen ruwan yaƙin da suka kori mayaƙan Farisa.

Ma'anar wannan, doka ta hana a fitar da shi daga ƙasarmu. Na yi masa rajista, ina neman izinin riƙe shi a gida.

Da na gaya wa Mama, ta ce mujiyar ta fi ɗanta hankali, tunda ba ta taɓa barin garinsu ba. Sannan ta tambaye ni ko ina ganin za ta kai wata sabuwar shekarar. Ka san ni, Stamatis, ban saba faɗin abin da ban tabbatar ba. Zumunta dai a ƙafa take. Kada ka jira Janairu.

Ka gaida Fotini da Lefteris da ƙaramar Zoi. Kawu Thanasis yana gaishe ka.

Yayarka,
Evdokia