Ranar da na ɗauko Rabi

Lahadi da dare, Illela

Yau na ɗauko Rabi daga Malbaza. Juji, wato alƙali, ya ce tun da ta cika shekara bakwai, riƙonta ya dawo hannuna. Uwarta Hadiza ba ta yi gardama ba. Ta miƙo mini jakar makarantarta ta ce, "Baban Rabi, ba ta barci cikin duhu, ka bar mata fitila." Ni ubanta ban san haka ba.

Yarinyar ba ta yi kuka ba, amma ta ƙi cin tuwo. Sau biyu tana tambayata ko akwai motar Malbaza gobe. Ga ta nan ta yi barci da takalma a ƙafa, na kasa cire mata. Ran Juma'a zan kai ta ta kwana wurin uwarta, ko da takardar juji ba ta ce haka ba.