Baƙin da Aka Gaisar da Su Ƙasa-Ƙasa

Baba, ina gaishe ka da kyau, ko da yake na san ba za ka karanta wannan ba. Bakina ne ya saba ba ka labari, ya ƙi dainawa.

Mama tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Saratu tana Ƙonni da mijinta. Yaya Yakubu kuwa daga Jos ya matsa mana lamba tun bayan jana'izarka, wai mu tattara mu koma wurinsa. Ya ce mu Kiristoci baƙi ne a Illela, kuma tunda babu kai, zaman me muke yi? Mama ta bar mini maganar, ita kuma ta daina cin abinci sosai.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Sunan nan Baƙo da mutanen unguwa suke kiranka da shi yana ƙona mini rai. A nan ka haife mu, rabin ƙofofin layinmu kai ka sassaƙa su, amma har ka tsufa Baƙo kake. Kai kuma sai ka amsa kana dariya. Me ya sa bai taɓa damunka ba?

Ranar Lahadi fasto bai samu zuwa daga Sakkwato ba, aka ce ni zan yi karatu a coci a madadinka, tunda kai ka saba yi in ba ya nan. Na buɗe wasiƙar nan ta manzo da ke cikin Littafi Mai Tsarki, zuwa ga masu bi da suka warwatse, wadda kake maƙalewa a gaisuwarta har mata su fara gyangyaɗi. Ka tuna yadda muke tsokanarka, wai kai mai wa'azin sallama ne, ba ka taɓa shiga cikin gida ba?

Ni ma a nan na maƙale, Baba. Manzon ya kira su baƙi, bai ɓoye musu ba, amma a numfashi ɗaya ya ce zaɓaɓɓu ne. Sannan ya bi ƙasashen da suke yana ambata ɗaya bayan ɗaya, yadda kake gaida Alhaji Mamman maƙwabcinmu, ka tambayi gida, ka tambayi yara, har jakinsa. Bai ce su kwashe kaya su dawo ba. A inda suke ya roƙa musu alheri da salama. Na kasa ƙarasa karatun.

Sai na tuna ranar da muka rasa ka. Alhaji Mamman ne ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa ya karɓi gaisuwa, yana faɗa wa kowa baƙonsa ne ya rasu, baƙon mutum kuwa nauyinsa a wuyan mai masaukinsa yake. Ni ina jin sunan kamar kora, ashe su riƙo suke nufi.

Jiya Yaya ya turo motar kwashe kaya. Na ba direba abinci, na ɗora masa buhun albasa, na ce ya gaida mutanen Jos. Yaya ya yi fushi, har yanzu bai ɗauki wayata ba, kuma abin yana yi mini ciwo. Amma da motar ta tashi, Mama ta ce in ɗumama mata tuwo, ta cinye tas.

Ka huta lafiya, Baba, sai mun iso.

Taka, Rahila, daga Illela.