Takardar da Ƙusa Ya Sauya

Zuwa ga taubashina, Shugaban Matasa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan fushin ya sauka ko da zuwa gwiwa. Kwana biyar ba ka zo shago ba, ka kuma toshe lambata, shi ya sa na ba Goggo wannan ta kawo maka. Maigida yana ta tambaya, na ce masa zazzaɓin kunya ne.

E, ni na zare takardar wa'azinka daga aljihun rigarka da ke rataye bayan injin yanka, na sa ta awon ƙofofi a madadinta. An ce ka miƙe gaban matasan cocinku, ka gyara murya ka ce, "Tsawo ƙafa bakwai." Wallahi sai da na faɗo daga kan benci. To mene ne? Mamanka ƙanwar babana ce, wasa tsakaninmu dole ne.

Naka, Ƙusa.

Ƙusa,

Na gaishe ka saboda Mama ta ce in gaishe ka.

Ba wasa ka yi ba, wulaƙanci ka yi. Ranar ce ta farko da dattawan ikilisiya suka ba ni jagorancin zumuntar matasa. Mutum arba'in. Wata guda ina bin su gida-gida, har da waɗanda suka bar sujada suka koma zaman bakin gareji. Na buɗe takarda na ga rubutunka irin na tafiyar kaza, kaina ya ɗauke. Na karanto abin da na gani, suka yi dariya, na sauko. Mama tana zaune a baya.

Na rubuta wa dattawa cewa na ajiye aikin. Ranar Lahadi zan miƙa. Ka ji daɗi. Ni na koya maka baƙin boko, ga sakayyata.

Kada ka ƙara aiko min komai.

Taubashi,

Bayan gaisuwa, ga wata na aiko, ka kai ƙara.

Ka ajiye aikin? Saboda takarda ɗaya? Ashe imanin naka a aljihun riga yake zama.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa ba. Ba labari aka ba ni ba, ina tsaye a bakin tagarku ranar. Kuma ban faɗo daga benci ba, ƙarya na yi. Na ɗauka za ka yi tsaki ka ninke ta ka ci gaba da ka. Da na ga ka sauko, na sulale na bar tagar.

Takardarka tana wurina, na karanta sau uku. Ba kai ba ne a ciki. Manyan kalmomi ne ka kwaso daga littattafai, ni kaina na yi hamma. A makarantarmu, malam ba ya barin ka wanke allo sai karatun ya zauna a ƙirjinka. Ka kawo hadda, sannan ka wanke. Wanda ya manta bayan an wanke, dama bai iya ba. Kai kuwa kullum muna goge katako kana cika min kunne: saurayi ya san abin da ya tashe shi da safe, kada wanda ke binka ya faɗa rami saboda kai. Wa ya rubuta maka waɗannan?

Ba zan mayar maka da ita ba.

Ƙusa.

Ƙusa,

Ba gaisuwa.

Yanzu kai ne za ka koya min addinina? Kai da ko ƙofar coci ba ka taɓa shiga ba, sai leƙen taga kamar ɓarawon takalmi? Ka yi ɓarna, ka dawo kana kiranta darasi. Ko haƙuri ba ka bayar ba. Duba wasiƙunka biyu, babu kalmar.

Ka dawo min da takardata.

Taubashi,

Ina gaisuwa, ko ba ka amsa ba.

Ka yi haƙuri. Ga ta nan na rubuta, ka sa a firam.

Addininka ban san shi ba, ba kuma zan shiga ba, ni da nawa. Amma jiya uku daga cikin mutanenka na bakin gareji sun zo shago nemanka. Mai tabo a goshin ya ce, "Ina wanda ya dame mu sai mun zo, mun zo ya gudu?" Sun ce za su sake zuwa cocinku ranar Lahadi, daga ita ba ƙari.

Ka miƙa wa dattawa takardar ajiye aiki in ka ga dama. Amma ka fita ka faɗa wa waɗannan ukun da bakinka, ni ba ɗan aikenka ba ne.

Ta wa'azinka tana nan ƙarƙashin gwangwanin fenti. Ka zo ka ɗauka in ka isa.

Naka dole, Ƙusa.

Ƙusa,

Gaisuwa.

Na tsaya gaban matasa jiya, hannu wofi. Na yi minti shida. Sun yi dariya da farko, na bar su suka gama. Goma sha ɗaya sun tsaya addu'a bayan an tashi.

Ban yafe maka ba tukuna, ina kan roƙon Ubangiji a kai.

Gobe zan zo shago da ukun nan, Maigida ya yarda su koyi aiki. Na ce masa a hannunka za su koya. Ƙarfe bakwai. Ka riga su zuwa.

Taubashinka.