Ni Na Buga Takardar Tashinmu

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Maman yara ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, tagwaye sun shiga aji huɗu, kuma har yau ba su daina faɗa a kan takalmi ba. Baba ma jikinsa da dama, yana cin abinci, yana tsokanar jikokinsa. Idon dai kin san abin da likita ya faɗa, ba zai dawo ba. Na gwammace in rubuto maimakon in kira ki a waya, domin tun da idon ya tafi kunnen Baba ya fi na kowa a gidan nan, ko a ƙofar gida na tsaya sai ya ji.

Kin san layinmu yadda kika bar shi: da damina taɓo har idon sawu, kwata a buɗe tana bin ƙofar kowa. Shekara uku da suka wuce Baba ya zurma cikin kwatar nan a hanyar masallaci, ya karye a wuyan hannu. Ranar zuciyata ta tafasa. Ni da nake zaune a shagona a bakin sakatariyar ƙaramar hukuma ina buga wa mutane takardu, ba watan da zai ƙare ban biya kuɗin shago da na allon talla da na shara ba, rasit cike da durowa, amma mahaifina ya rasa inda zai sa ƙafa. Sai na zauna na buga takardar koke. Na bi gida-gida ina karɓar sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Tela da makanike da mai wanki da guga duk suka kawo rasit ɗinsu na haraji, na yi fotokofi na liƙa a baya. Sau bakwai na rubuta cikin shekara biyu, har masinjan ofishin ya riƙa ce mini lauyan layi. Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk waɗanda suka sa hannu 'yan haya ne irina. Ko mai gida ɗaya babu a ciki.

Bara aka amsa mana. Katafila ta shigo, aka zuba kwalta, aka rufe magudanar ruwa da siminti, aka kakkafa fitilu masu amfani da hasken rana. Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, kansila ya kira ni gaban jama'a aka tafa mini, ni kuwa kaina ya yi girma har hula ta so ta kasa zama. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Baba ya koyi gefen titin da sandarsa cikin mako guda, yanzu shi kaɗai yake zuwa masallaci sau biyar, ba mai ja masa gora. Duk wanda ya gaishe shi sai ya tsayar da shi ya shaida masa cewa ɗansa ne ya kawo kwaltar nan da alƙalaminsa.

Kwalta ba ta gama bushewa ba dillalai suka fara sintiri. Motoci masu baƙin gilashi su tsaya, a leƙo, a nuna gida da yatsa, a wuce. Aka ninka wa tela haya ya tattara kekensa ya tafi. Makanike aka ce ya kwashe tarkacensa, wai yana ɓata fuskar layi. Ni ina ganin gemun 'yan'uwana yana ci da wuta, amma ban shafa wa nawa ruwa ba, don na dogara da shekara ashirin da ɗaya da muka yi da mai gidanmu ba tare da ko musayar yawu ba.

Watan jiya babban ɗan mai gidan ya shigo shagona da wata takarda rubutun hannu, ya ce in buga masa notis na tashin 'yan haya, kofi shida, in bar gurbin suna fanko. Na ɗauka na gidansu na bayan kasuwa ne. Yaya, har gyara masa na yi. Na ce kalamansa sun yi kaushi, na sassauta su, na sa masa wa'adin wata uku a tsare yadda ake yi, na ƙara da godiya bisa zaman lafiyar da aka yi. Ya yaba aikin, ya biya, na ce Allah Ya saka da alheri. Bayan kwana biyu na dawo gida Maman yara ta miƙo mini takarda. Tun kafin in karanta na gane ta, saboda firintata tana barin wani siririn baƙin layi a gefen hagu. An cike gurbin da biro, sunana ne. Iyali shida ne a gidanmu, kullum ina gaisawa da su, amma ranar ko a raina ban kawo ba.

Na je wurin dattijon mai gidan da kaina. Ya karɓe ni da mutunci, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce tun da aka yi titin hukuma ta ƙara wa gidajen layin haraji, ga wani attajiri ya taya gidan da kuɗin da bai taɓa mafarki ba, zai rushe ya gina bene da shaguna, 'ya'yansa kuma sun matsa masa lamba. Da zan tafi har ya yi mini godiya a kan ƙoƙarin da na yi wa layi, kuma na san ba da gatse ya yi ba. Wannan godiyar ta fi notis ɗin yi mini ciwo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan na nufi kansila. Ya ce aikin hukuma titi ne, maganar haya tsakanin mutum da mai gidansa ce, amma in nemi ɗaya daga gidaje masu sauƙin kuɗi da ƙaramar hukuma ta gina da harajinmu. Na sayi fom. Ana neman takardar albashi da sa hannun babban ma'aikaci, ni kuwa wa yake ba ni albashi? Kuma wa za a yi wa wayo? A shagona aka buga rabin takardun neman gidajen nan, na ga lambar waya ɗaya a kan fom biyar. Na je na ga rukunin da idona: fenti fes, ƙofofi a garƙame, ciyawa ta kai gwiwa, wasu kuma an riga an manna musu allon dillali ana neman mai haya a kan kuɗin da ya fi ƙarfin irinmu.

Na zaga gari har takalmina ya cinye. Abin da aljihuna zai iya ɗauka yana can bayan tashar mota ta ƙarshe, ɗaki biyu, babu titi, kuma sai an tsallake wani kwazazzabo kafin a kai masallaci. Ni da yara za mu saba. Baba ne abin ji. Gidan nan ya san shi da tafin hannunsa, ya san inda randa take, ya san dokin ƙofar da ake ɗaga ƙafa, ya san taku nawa ne zuwa sahun farko. Mutum mai shekara tamanin ba ya sake koyon wannan. In na kai shi can, na san zaman ɗaki zai yi har Allah Ya yi ikonSa, kuma ni na jawo. Maƙwabta ba wanda ya ce mini uffan, sai dai gaisuwar ta yi gajarta.

Ba kuɗi nake nema ba, na san nauyin da ke kanki. Saura mako shida, kuma har yanzu Baba bai sani ba. Na hana kowa faɗa, tagwaye ma na ja musu kunne. Sau uku ina zama gabansa da niyyar magana, sai ya fara sa mini albarka, in fasa. Ke yake jin maganarki tun rasuwar Inna. Ki ba ni shawara, ko ki kira shi ki share mini hanya, don ni dabara ta ƙare mini.

Ki gaishe da maigidanki da kyau, da Gwaggo in kin leƙa ta, da takwarar Inna, da Autarki sarkin rigima. Maman yara da tagwaye suna gaishe ku. Baba ma yana gaishe ki. Da ya ji ina rubutu ya tambayi wa nake rubuta wa, na ce ke. Ya yi murna, ya ce in gaya miki ki daure ki zo bayan damina ki ga yadda layinmu ya koma, kuma in rubuta miki kwatance dalla-dalla, don in kika sauka ba za ki gane ƙofar gidanmu ba. Ya sake tambaya ko na rubuta. Na ce masa na rubuta.

Allah Ya yafe mini, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Ƙaninki