Da Sauƙi

Tsamiyar Talle,
Ƙaramar Hukumar Gezawa.

Zuwa ga Baffa Habibullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Sauda da yara, kasuwa kuma tana albarka.

Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ko a gida ban taɓa iya haɗa ido da kai ba, balle in tsaya ina yi maka dogon bayani. Na ba Malam Sabo direba, mai kai gero Dawanau, takardar nan ya miƙa maka hannu da hannu.

Duk lokacin da ka bugo wa Yaya Naziru waya ka tambayi jikin Baba, ce maka yake da sauƙi. Baffa, babu sauƙi. Ni nake jinyarsa a asibitin birni tunda aka ba mu hutu. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Wankin ƙodar da ake yi masa ya cinye shanun huɗa, ya cinye gyaɗar bana, yanzu Yaya ya fara magana da dillali a kan gonar bayan gari, wadda muke ci daga cikinta. Na ji likita yana gaya wa wata nas da Turanci cewa zuciyar ma ta gaji, wankin jinkiri kawai yake kawowa. Bai zaci ina ji ba.

Baba ya san haka. Sau da yawa yana fara cewa idan ta Allah ta kasance, sai Inna ta katse shi, wai ya daina yi mana mugun fata. Masu zuwa dubiya su ce ai ya ji sauƙi, fuskarsa har ta ciko. Kumburi ne, Baffa. Shi kuwa sai ya juya wa bango fuska.

Kai ƙaninsa ne, ba wanda zai hana ka zama ka saurare shi. Don Allah ka zo.

Taka,
Aina'u

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Saƙon kuɗin da ka aiko ya iso, an gode, Allah ya ƙara buɗi.

Amma ba kuɗi na roƙa ba. Na ji ka karanta takardata, ka kira Yaya, ya ce maka yarinta ce ke damuna, jiki da sauƙi, kai kuma ka yarda. Ya yi mini faɗa a gaban mutanen ɗakin, ya ce daga shiga aji biyar na sakandare na fara koya wa manya magana. Na san tausayin Baba ne ya sa yake son sayar da komai, kuma yana tsoron gari ya ce ya bar ubansa ya mutu yana riƙe da gona.

Ina ba Baba kunu da safe, ba kowa a wurin, ya riƙe mini hannu ya faɗi abin da aka hana shi faɗi. Ya ce a mayar da shi gida, yana son ya ji kiran sallar masallacinmu. Ya ce kada a taɓa gonar, ita ce abincin Inna da ƙannena. Ya ce a binne shi kusa da mahaifiyarku. Na gaya wa Inna, ta fashe da kuka ta ce zafin ciwo ne. Na gaya wa Yaya, ya ce wasiyya ba a bakin 'yar makaranta ake jinta ba.

To a bakin wa za a ji ta, tunda duk babban da ya shigo rufe masa baki yake da addu'a? Ni ban ƙi addu'a ba. Amma a Islamiyya an koya mana cewa mutum ya shirya wasiyyarsa tun yana da lafiya, kuma faɗinta ba ya jawo ajali.

Raina a ɓace yake, ka yafe mini idan na yi kaushi. Dillali zai kawo mai saye ranar kasuwar Gezawa. Ka zo kafin nan.

Taka,
Aina'u

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan ka koma Dawanau lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan.

Ka zo, na gode. Ban samu bakin yi maka magana a wurin zaman makoki ba, shi ya sa na sake rubutowa. Ranar da ka iso an riga an sa hannu a takardar gona. Ka tuna ka sunkuya a kansa ka tambaye shi ya jiki. Na tsaya a bayanka ina roƙon Allah ya faɗa maka abin da ya faɗa mini. Ya dube ka ya ce da sauƙi. Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Mun koya masa ita har ya daina neman wata. Bai ga gida ba, kuɗin gonar kuwa wanki biyu aka yi da su, sauran suka tafi a magani da motar da ta kawo gawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da na gani bayan nan. Kafin a idar da wanka, ƙungiyar ci gaban garinmu, wadda kai ne shugabanta, ta kawo likkafani. An kafa rumfa, an jera kujeru, an sauke buhun shinkafa. Ban taɓa sanin garinmu yana da sauri haka ba. Amma abin awon jinin da ke ƙaramin asibitinmu ya lalace tun ina firamare, ba wanda ya tara ko sisi a gyara. Shekaru Baba yana fama da ciwon kai, yana sayen ƙwayoyi a kemis, hawan jini yana cin ƙodarsa ba mu sani ba. Muna da asusun mamaci, ba mu da na mai rai.

Ni da Malama Turai, ma'aikaciyar asibitin, mun zaga gidaje, mata da yawa sun yarda su riƙa ba da kwanon hatsi a kaka don marasa lafiya. Amma mata ba sa zama a taron ƙungiya na bayan Sallah. Kai kake buɗe shi. Ina roƙonka ka faɗi abu uku a can: a sayi abin awon, a buɗe asusun jinya kamar yadda aka buɗe na likkafani, a kuma roƙi Liman ya yi huɗuba cewa idan mara lafiya ya fara wasiyya a zauna a saurare shi. Idan an tambayi wanda ya kawo maganar, kada ka ambace ni, za a ce ta yara ce.

Akwai kuma wani abu. Inna ta fara ɗaure kai da ɗankwali tamau kamar yadda Baba yake yi da rawani idan kansa yana ciwo. Na lallaɓa ta muka je Gezawa aka auna ta. Jininta ya hau sosai, an ce magani ne na kullum, ba a fashi. Jiya da ka kira, ina zaune kusa da ita, na ji abin da ta ce maka.

Saboda haka ina neman izininka in riƙa rubuto maka ta hannun Malam Sabo. A waya kowa zai ce maka da sauƙi. Ni abin da aka auna zan rubuta maka, in ka yarda.

Taka,
Aina'u