Layukan Inna

Laraba da daddare, Karaye

Na dawo daga sunan Rogo a gajiye liƙis. Ba hanya ce ta gajiyar da ni ba, bakin mata ne.

Ina cikin cin tuwo Anti Balaraba, matar yayana, ta kama haɓata ta juya ni wajen haske kamar mai tayin akuya. Ta ce, "Malama, kin saki kanki. Dubi gefen bakinki. Akwai wata a Kano, allura biyu za ta yi miki, fuska ta koma sumul." Sauran matan suka ce wallahi gaskiya ne, ko don maigida. Na yi yaƙe.

Da zan taho na durƙusa na gaida Gwaggo, ƙanwar marigayiya Inna. Idonta ya yi rauni, sai ta shafa kumatuna, ta daɗe, sannan ta ce, "Yau na ga 'yar'uwata."

Yanzu na tashi daga gaban madubi. Layukan nan biyu na gefen bakina irin na Inna ne, ita da ko hoto ba ta bari ba. Na san gobe ma su Anti Balaraba ba za su ƙyale ni ba. Amma in allura ta goge su, a ina zan ƙara ganinta?