Cikin Hannun Baba, Giram Nawa?

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya ajiye wasan. Saboda burodi. Wallahi saboda burodi.

Sati uku ina murna. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun dama, babu abin da likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ba ta kawo ba: ƙwallon roba, igiya mai talewa, maɓallan riga a kwano ya riƙa tsinta. Duk ya watsar, wai shi ba ɗan yaye ba ne. Wasan ƙauyen nan na kwamfutata kaɗai ya karɓa, wanda ake noma, a sari itace, a haɗa kaya. Sai ya yi awa guda riƙe da linzamin kwamfuta da hannun bai sani ba. Likita ta ce watannin nan su ne komai. In hannun bai yi aiki yanzu ba, a haka zai sandare.

Yau ya kai matakin buɗe gidan burodi a wasan. Fulawa biyu, ruwa ɗaya, ka danna, burodi ya faɗo. A gaban mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a bakin tanda!

"Auta, ina yis? Ina gishiri? Yaushe ya tashi?"

Na ce Baba, wasa ne fa. Ya ce to su yi ta wasansu. Ya ture linzamin, da hagu.

Laraba, 5 ga Maris

Bai taɓa wasan ba. Hannun yana kan cinyarsa, yatsun a naɗe. Yaya ya kira, wai "ki lallaɓa shi mana." Shi da yake zuwa sau ɗaya a wata ya kawo lemo ya tafi.

Alhamis, 6 ga Maris

A shagon kwamfuta da nake aiki yau, tsakanin masu buga takardar neman aiki, na yi bincike. Ashe waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun bar ƙofa: kana iya rubuta fayil naka, ka ce kaza da kaza in an haɗa su ba da kaza, ka jefa shi cikin wata jaka a kwamfutar, wasan ya karanta ya bi. Wani har ya sa ana ƙera jirgin ruwa da kabewa. In an yi jirgi da kabewa, burodin Baba ba zai gagare ni ba.

Asabar, 8 ga Maris

Ya gagare ni.

Tun safe nake kai. Wasan ya fara buɗewa, ya yi baƙi, ya koma. Ba ko sannu. Sai da azahar na gano babu yis a duniyar wasan gaba ɗaya. Sai na fara ƙirƙirarsa, in ba shi lamba, in zana masa hoto, in ce a wane shago ake sayar da shi. Na zana. Ya fito kamar tsakuwa. Haka zai zauna.

Lahadi, 9 ga Maris

Yanzu akwai yis, amma kajin wasan duk sun ɓace. Ban taɓa kaji ba!

Talata, 11 ga Maris

Fayil ya yi aiki, kaji sun dawo, na kai masa ina ta washe baki. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali. Fulawa biyar, ruwa uku, yis ɗaya, gishiri ɗaya.

"Wa ya ba ki wannan lissafin? Wannan gishirin ai sai dai a jiƙa fata da shi."

Na ce to faɗa min na gaskiya in rubuta. Nan aka yi ta. Ashe Baba bai taɓa auna komai da sikeli ba. A gidan burodin da ya yi aiki, shi ke haɗa ƙaramin kwaɓin da ake tayar da manyan da shi, kuma da hannu yake ɗiba. Fulawa cikin hannu goma sha biyu. Ruwa kuma "har sai ya isa."

Na ce Baba, fayil bai san har sai ya isa ba. Lamba yake so. A wasan da giram ake ɗibar fulawa daga buhu, dole in ce nawa.

Ya ce, "Abin da bai san ya isa ba, shi zai yi burodi?"

Na ɗaga masa murya. Ban ji daɗi ba, amma na ɗaga. Kwana biyar ina fama.

Juma'a, 14 ga Maris

Likita ta zo. Ta sa ya matse yatsunta, ta rubuta wani abu. A bakin ƙofa ta ce, "Ya koma baya." Zuwa na gaba 26 ga wata.

Na shiga kicin na kunna famfo don kar ya ji ni. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na sayo fulawa, na aro ƙaramin sikeli wurin maƙwabciya. Na ajiye kwano a gabansa, na ce ɗebi cikin hannu ɗaya in auna, in sa a fayil, a wuce wurin.

Ya ɗiba da hagu. Har na ɗauki biro, sai ya ce, "Kar ki rubuta. Hagu bai san awo ba, riƙon kwano kawai ya iya."

Ya daɗe yana kallon na daman. Ya ɗaga shi da kafaɗa, ya tsoma. Rabi ya zube a kan darduma, rabi a wandonsa. Abin da ya kai sikeli giram goma sha tara.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Gobe."

Ni kuma na yi shara.

Litinin, 17 ga Maris

Jiya 22, yau 27. Kullum sai in buɗe fayil in canza lamba, in ninka sau goma sha biyu, in gyara ruwa ya bi. Kullum sai ya ce ba shi ba ne. Wasan kuwa ya rantse ba zai koma ba sai lissafi ya tsaya. To yaushe? Ina so hannun ya koma kan linzami, shi yana nan yana yi min ɓarnar fulawa. Sau goma yake ɗiba kafin ya yarda in auna ɗaya.

Alhamis, 20 ga Maris

Masu wasan sun saki sabon gyara, fayil ɗina ya mutu murus. Sun canza yadda ake rubuta lokacin haɗa kaya. Sai daga farko. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Da na tambaye shi minti nawa zan sa wa kwaɓi, sai ya ce bai taɓa kallon agogo ba, sai dai ya nuna min. Muka kwaɓa. Ni na zuba ruwa, shi yana ta "ƙara, ƙara, tsaya! Kin cika gaggawa, kamar uwarki." Ya danna kwaɓin da gindin tafin hannu, ya naɗe, ya sake dannawa, gumi har haɓa. Minti ashirin da shida.

Burodin ya fito kamar tubali. Wai laifin tandata ne.

Lahadi, 23 ga Maris

Yaya: "Ya koma wasan?" A'a. "To me kike yi ke nan?" Na ce zo ka gani, ka taho da tsintsiya. Na kashe wayar.

Awon yau giram 41.

Laraba, 26 ga Maris

Na riga likita magana tun daga ƙofa. Na ce ki yi haƙuri, sati uku bai taɓa kwamfutar ba, na yi iya yina, abin ya ƙi.

Ta ba shi yatsunta ya matse. Sai ta ce "Kai, Baba!" ta zare hannu tana yarfewa. Ta sa ya buɗe tafin, ya buɗe, saura ɗan ƙaramin yatsa ne kawai ya maƙale. Ta duba ƙarƙashin farcensa, fari fat, ta dubi sikelin a kan tebur, sannan ta dube ni.

"Ko me kuke yi, kar ku bari."

Na ce lamba kawai nake nema. Baba ya ce, "Ita dai lamba." Suka yi dariya su biyu. Ban ga abin dariya ba.

Asabar, 29 ga Maris

58. Jiya 58, shekaranjiya 58. Da safe ya girgiza hannun a kan kwano, ya ce, "Shi ne. Rubuta."

Na rubuta. Na gwada a ɗakina. Ya buɗe lafiya lau, yis yana nan, kaji suna nan, kwaɓi yana ɗaukar lokacinsa ya tashi, burodi ya fito. Sati uku da kwana biyu, yau komai ya zauna daidai. Na zauna ina kallonsa, ban ji komai ba. Ɗan ƙaramin yatsan nan nake ta tunawa.

Da na fito ya ce, "Ya karɓa?"

Na ce ya ƙi. Na ce sai an maimaita awon na sati guda, ko biyu, kafin ya yarda.

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya daɗe. Ni kuma na kama goge teburin da na riga na goge.

"Wannan kwamfutar taki akwai taurin kai," ya ce. "Kawo kwanon."

Da yamma na biya shago. Babban buhun fulawa na sayo, ya fi sauƙi ne kawai.